Ƙwayoyin cikin hanjin jariri da abincin da jikinsa ke ƙi: me aka tabbatar, me ake musu a kai

Jaririya ce 'yar wata biyu, tana kama nono da kyau, ba zazzaɓi, ba ta rame ba, sai uwar ta zo canja mata famfas ta ga ɗan siririn jini kamar zare haɗe da majina a cikin kashin. Kakar yarinyar ta duba tace "'yar nan basir ne ta sha a nononki, ki rage zaƙi". Mai kemis na bakin layi yace atini ne, ya miƙo Flagyl na ruwa. A gurup ɗin matan unguwa na WhatsApp kuma wata ta rubuto cewa alajin madara ne, wai ƙwayoyin hanjin yarinyar ne suka lalace, a tsayar da nono a sayo wata madara ta musamman da furobayotik, wato bakteriya mai rai da ake sayarwa a ɗigo ko gari. Amsa uku kenan a wuni ɗaya, kuma kowa da gaske yake.

Ruɗanin ya ƙaru ne saboda su kansu likitocin Turai da Amurka sun sauya magana. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tace yaron da ake tsoron zai yi alaji kar a ba shi gyaɗa sai ya shekara 3, a 2008 suka janye, a 2017 kuma hukumomin lafiyar ƙasar suka koma cewa a fara bayarwa tun yana jariri. A watan Oktoban 2025 wani bincike da aka buga a mujallar Pediatrics ya nuna alajin gyaɗa a ƙananan yaran Amurka ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 bayan wannan sauyin. Toh a tsakiyar duk wannan ake ta ambaton ƙwayoyin hanji, kuma 'yan kasuwa sun riga sun ɗauki maganar sun sa a jikin gwangwani.

## Abu huɗu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya

Alaji shi ne garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba shi da illa, kamar furotin ɗin madarar shanu ko ƙwai ko gyaɗa, a matsayin abokin gaba ta far masa. Amma iri biyu ne kuma ba su kama da juna.

Na farko mai sauri ne, wanda wani sinadarin garkuwa da ake kira IgE ke tayarwa. Cikin mintoci zuwa awa 2 da cin abin sai ka ga borin jini ya feso, leɓe ko ido ya kumbura, amai, wani lokacin numfashi ya sarƙe yaro ya yi laushi. Wannan na ƙarshen yana iya kisa, kuma allurar adirenalin ce maganinsa na gaggawa, Piriton kaɗai ba ya tsayar da shi.

Na biyu mai jinkiri ne kuma a hanji yake zama, ba ruwansa da IgE, shi ya sa gwajin jini ko na tsira fata ba ya nuna shi. Shi ma kashi-kashi ne. Akwai mai sauƙi wanda ƙarshen babban hanji ke ɗan kumbura, yaro lafiya lau yana girma amma ana ganin ɗigon jini da majina a kashi, yawanci a watannin farko, kuma yana faruwa har ga mai shan nonon uwa zalla don ɗan furotin ɗin madarar da uwa ta sha yana bi ta nono. Akwai wanda ke sa gudawa mai daɗewa yaro ya ƙi ƙiba. Sannan akwai wanda ake taƙaita sunansa da FPIES, shi ne mai tsoratarwa: an ba yaro madara ko kunun shinkafa ya sha lafiya, bayan awa 1 zuwa 4 sai amai ba ƙaƙƙautawa, ya yi fari fat ya langaɓe kamar zai tafi, wani lokacin gudawa ta biyo. Ba borin jini, ba kumburin fuska, don haka sau da yawa sai a ɗauka cutar ƙwayoyi ce a sa masa ruwa da antibayotik ya warware, bayan sati biyu a sake ba shi abincin nan abin ya dawo sak. Maimaituwar nan ce ke tona shi. Madarar shanu da waken suya da shinkafa da ots ne kan gaba wajen jawo shi, a Italiya da Sifen kuma kifi na daga cikin manya. Sai a 2017 ma aka fitar da ƙa'idar duniya ta farko kan yadda za a gane shi.

Abu na uku ba alaji ba ne sam, rashin narkar da laktos ne, wato sukarin da ke cikin madara. Nan garkuwar jiki ba ta shiga ba, sinadarin narkarwa ne ya yi ƙaranci, sai ciki ya yi ƙugi ya kumbura a yi ta tusa da zawo. Manya da yawa a Afirka ta Yamma haka suke, in sun sha madara ɗanya cikinsu ya ɓaci amma kindirmo bai cika damunsu ba, Fulani kuwa yawancinsu sun gaji iya narkar da ita har tsufa. Jariri dai kusan kowanne ana haifarsa da wannan sinadarin tunda nonon uwa ma cike yake da laktos, sai dai bayan gudawa mai tsanani yana iya raguwa na ɗan lokaci ya dawo. Bambancin nan yana da muhimmanci a kanti, domin madarar da aka rubuta ba laktos a jikinta furotin ɗin shanun yana nan daram, ba za ta yi wa mai alaji komai ba.

Na huɗu kuma shi ne wanda ya fi yawa: ba komai. Tumbuɗi, kusan rabin jarirai suna yi wajen wata 4. Kukan yamma da yaro ke murɗewa yana naɗe ƙafa yakan kai ƙololuwa wajen sati 6 ya lafa a wata 3 zuwa 4. Kashin mai shan nono ruwa-ruwa ne dama, wani ya yi sau 6 a rana wani ya kwana biyar bai yi ba.

## Su waye mazauna hanjin

Kalmar "ƙwayoyin cuta" da muka saba da ita ita ce ke fara ɓatar da mutane, don yawancin bakteriyar da ke cikin hanji ba cuta suke sawa ba, zama suke suna cin abin da jiki bai iya narkarwa su kuma biya da aiki. Jariri yana fitowa hanjinsa kusan fayau, cikin kwanaki ya fara cika, kuma sai wajen shekara 2 zuwa 3 tsarin ke daidaita ya yi kama da na babba.

A daidai wannan lokacin ne garkuwar jiki ke koyon aiki, kuma babban kaso na rundunarta a bangon hanji yake. Ka ɗauka 'yan sintirin unguwa ne sababbi da ba su san kowa ba, dole wani ya zauna da su ya nuna musu wannan ɗan gida ne, wannan baƙo ne na arziki, wancan ne ɓarawo. Bakteriyar kirki na cikin masu wannan aikin. Wasunsu in sun ci zaren abinci suna fitar da wani sinadari mai suna butiret, shi ke ciyar da bangon babban hanji ya riƙe shi gam kar abubuwa su riƙa tsallakawa barkatai, kuma yana ƙarfafa wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne kwantar da tarzoma, su ce wa sauran a bar wannan abinci ne. Idan wannan tarbiyyar ta samu tangarɗa, nan ne ake zaton alaji ke samun ƙofa.

Wani misali da ke nuna cewa hanjin jariri bai gama ginuwa ba shi ne zuma. Babba ya sha lafiya, amma likitoci sun hana ba wa yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da irin wata bakteriya da in ta samu hanjin da ba a cike gurabensa ba sai ta tsiro ta fitar da dafin da ke shanye jiki.

## Ta ina suke shigowa, me ke korarsu

Hanya ta farko haihuwa ce. Wani bincike a Birtaniya da aka buga a mujallar Nature a 2019 ya duba jarirai kusan 600, ya ga waɗanda aka haifa ta hanyar da aka saba sun ɗauko ƙwayoyin hanjin uwarsu, waɗanda aka ciro ta tiyata kuma a kwanakin farko sun fi ɗauke da irin ƙwayoyin da ke yawo a asibiti. Amma binciken nan ɗin dai ya nuna bambancin yana raguwa sosai kafin yaro ya shekara. Kuma ba a yin tiyata don nishaɗi, ran uwa da na ɗanta ake ceta, macen da naƙuda ta tsaya mata ba ta da wani zaɓi da ya wuce wannan. An gwada shafa wa jaririn tiyata ruwan gaban uwa a wani ƙaramin bincike a 2016, sai dai ƙungiyar likitocin mata ta Amurka tace kar a yi in ba cikin bincike ba, don ana iya shafa masa cuta.

Hanya ta biyu ita ce mafi ƙarfi, nono. Bayan laktos da kitse, abu na uku mafi yawa a cikin nonon mace wasu irin sukari ne sama da kala 200 waɗanda jaririn kansa ba ya iya narkarwa. Ba don shi aka zuba su ba kai tsaye, abincin wata bakteriya ce da ake kira bifido, musamman nau'in infantis, wadda in ta samu wannan abincin sai ta mamaye hanjin ta sa shi ya yi tsami yadda miyagun ƙwayoyi ba sa jin daɗin zama. An samu wannan nau'in da yawa a jariran Gambiya da Bangaladash, a Amurka da wasu ƙasashen Turai kuma ya yi ƙaranci. Dakashi, wato nonon farko mai kauri rawaya da har yanzu wasu gidaje ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ya fi kowanne cika da sinadaran kariya.

A nan akwai wata al'ada da ta shafe mu kai tsaye, ta ba jariri madarar gwangwani a kwana biyun farko "kafin nono ya zo" sannan a daina. Wani gwaji a Japan da aka buga a 2019 ya nuna jariran da aka kauce wa ba su madarar shanu a kwana 3 na farko sun fi tsira daga alajinta, kuma ƙungiyar masana alaji ta Turai ta ba da shawarar a guji wannan ƙarin a makon farko ga mai shan nono in ba likita ne ya ga dole ba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, saura ana haɗa musu da ruwa ko jiƙe-jiƙe ko koko.

Sai masu korarsu, kuma babba a nan antibayotik ne, don shi bai san na gida ba bai san ɓarawo ba, shara yake. Wani nazari kan yaran iyalan sojojin Amurka kusan 792,000 da aka buga a 2018 ya gano waɗanda aka ba antibayotik a wata 6 na farko sun fi samun cututtukan alaji daga baya, waɗanda aka ba maganin rage asid ɗin ciki saboda tumbuɗi kuma haɗarin alajin abinci ya ninka musu fiye da sau biyu. Nazari ne na alaƙa, bai tabbatar da cewa maganin ne ya jawo ba, tunda ana iya cewa yaron da alaji ya fara damu shi aka fi kaiwa a rubuta wa magani. Duk da haka ka duba yadda ake ɗiga wa sabon haihuwa Ampiclox ba tare da wani ya duba shi ba, wai don cibiya ko don kar ya yi ƙuraje, ko a ba da Septrin da Flagyl duk sanda aka ce haƙori ne ya kawo zawo. Jaririn da ke da cutar jini ko nimoniya antibayotik ne ke tsakaninsa da mutuwa, wannan ba a jayayya. Wanda lafiyarsa ƙalau kuwa, ɗiga masa ba ya ƙara masa komai sai rusa abin da nono ke ginawa.

## Hujjar da ke hannu

Tun 1989 wani masani a Landan, David Strachan, ya duba bayanan yaran Birtaniya sama da 17,000 ya lura cewa wanda ke da yayye da yawa bai cika yin alajin hanci ba. Daga nan aka fara cewa tsafta ce ta yi yawa. Daga baya Graham Rook a 2003 ya gyara zancen, yace abin da aka rasa shi ne tsofaffin abokan zama, wato ƙwayoyin ƙasa da dabbobi da na jikin 'yan uwa da ɗan Adam ya daɗe yana rayuwa da su, ba masu sa kwalara da taifot ba. Gyaran nan yana da amfani a wurinmu don gudawa har yau tana cikin manyan masu kashe yara ƙanana, babu masanin da yace a daina wanke hannu ko a bar rigakafi.

Alƙaluma daga Afirka sun tafi a kan wannan layin. A Afirka ta Kudu wani bincike da aka buga a 2019 ya samu alajin abinci a kashi 2.5 cikin 100 na ƙananan yaran birnin Cape Town, a ƙauyukan lardin Gabashin Cape kuma kashi 0.5 kawai. A Melbon ta Ostareliya, a 2011, kusan 1 cikin kowane yara 10 'yan shekara ɗaya aka tabbatar yana da shi. Wato abin yana bin salon rayuwar birni, kuma biranenmu ma can suka nufa.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na jami'ar Shikago tare da likitocin Napoli a 2019. Sun ɗebi kashin jarirai masu lafiya da na masu alajin madara suka sa a cikin ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a hanjinsu. Ɓerayen da suka samu na masu lafiya sun tsira da aka ba su furotin ɗin madara, waɗancan kuwa suka kamu, har aka ware bakteriya guda mai yin butiret wadda ita kaɗai ta ba da kariya. Wannan ya nuna ƙwayoyin suna da hannu da gaske. Amma ɓeraye ne, jariran da aka ɗebi nasu 8 ne kacal, kuma alaji mai sauri aka gwada. A ɓangaren mai jinkiri na hanji an ga bambanci a ƙwayoyin yaran da ke da shi, sai dai masana ba su gama warware wanne ya jawo wanne ba, don hanjin da ya kumbura da abincin da aka canja da magungunan da aka riga aka sha duk suna sauya ƙwayoyin su ma.

## Labarin gyaɗa

Likitan alaji Gideon Lack da abokan aikinsa sun kwatanta yaran Yahudawa a Birtaniya da na Isra'ila a 2008, suka ga na Birtaniya sun ninka wajen sau 10 a alajin gyaɗa. Bambancin da suka hango shi ne a Isra'ila ana ba jarirai wani abin taunawa mai gyaɗa da ake kira Bamba tun suna 'yan watanni. Sai suka yi gwaji da jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, rabi ana ba su rabi an hana, da suka kai shekara 5 sai aka ga kashi 17 na waɗanda aka hana sun kamu, waɗanda aka ba kuma kashi 3. A 2015 aka buga sakamakon, shi ne ya juya shawarar duniya. Bayanin Lack shi ne abincin da ya fara shiga ta baki hanji ne ke koya wa garkuwa ta karɓe shi, wanda kuma ya fara shiga ta fatar da ta bushe ta tsattsage, irin ta yaro mai egzima, garkuwa tana ɗaukarsa maƙiyi.

A ƙasar Hausa kunun gyaɗa dama abincin yara ne da na masu jego. Kuma a yunwar Nijar ta 2005, musamman yankin Maraɗi, dubun-dubatar yara aka yi wa maganin tamowa da Plumpy'Nut wanda tunkuzar gyaɗa ne da garin madara da mai da sukari, har yau shi ake rabawa a cibiyoyin tamowa kuma rahoton alaji a cikinsu bai yi yawa ba. Ghana ma ta ba da wani darasi a 2013: kashi 17 da ɗoriya na 'yan makarantar da aka gwada jininsu ya nuna kamar suna da alajin gyaɗa alhali kusan dukkansu suna cinta lafiya, aka danganta hakan da tsutsar tsargiya da ke ruɗa gwajin. Kenan takardar gwajin jini ita kaɗai ba ta isa a haramta wa yaro abinci ba.

## Inda masana suka rabu

Kan furobayotik, wato bakteriya mai rai da ake sayarwa a ɗigo ko gari. Masu goyon baya suna kafa hujja da gwaje-gwajen Italiya da suka nuna yaran da aka haɗa wa madarar magani da wani nau'i na bakteriyar laktobasilus sun fi saurin rabuwa da alajin madara, kuma ƙungiyar alaji ta duniya a 2015 tace ana iya amfani da shi don rage egzima, amma ita da kanta tace hujjar mai rauni ce. Masu ja da baya sun ce ba a nuna yana hana alajin abinci ba, nau'o'in sun bambanta, abin da wani ya yi ba lallai wani ya yi ba, ga kuma batun ko ƙwayar na da rai bayan ta sha zafi a kan kanta. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba wa bakwaini furobayotik bayan wani jariri ya rasu da cutar jini daga bakteriyar da ke cikin maganin. Koko da kamu da kindirmo suna da bakteriyar tsami, sai dai dafa koko yana kashe su, kuma ba abincin ɗan ƙasa da wata 6 ba ne.

Kan yawan masu alajin madara kuma, wasu likitocin suna ganin ana barin yara suna wahala ba a gane ba, musamman masu FPIES da masu gudawar da ke hana girma. Wasu kuma suna ganin akasin haka ne ya fi yawa. Wani babban bincike a ƙasashen Turai da aka tabbatar ta hanyar ba yaro madarar a gaban likita ya samu ƙasa da 1 cikin 100, amma iyayen da suka yarda ɗansu na da shi sun ninka haka sau da yawa. A 2018 likita Chris van Tulleken ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya cewa rubuta madarar masu alaji ya ƙaru da kusan kashi 500 cikin 100 tsakanin 2006 da 2016 ba tare da cutar ta ƙaru haka ba, ya kuma nuna yadda kamfanonin madara ke da alaƙar kuɗi da da yawa daga masu rubuta ƙa'idojin. In jerin alamomin ya haɗa da kuka da tumbuɗi da kashi mai ruwa, toh kusan kowane jariri zai shiga ciki.

Sai lokacin fara abinci. Masana alaji a Turai da Amurka suna cewa tsakanin wata 4 da 6, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kan nono zalla har wata 6. Kowa da abin da yake tsoro, su alaji ne a gabansu, a inda ruwan sha ba shi da tabbas kuma gudawa da tamowa sun fi alaji kisa nesa ba kusa ba. Inda suka haɗu shi ne kar a jinkirta ƙwai da gyaɗa da kifi har shekara ɗaya ko biyu don tsoro.

## Yadda abin zai shafi gida

Mu koma kan yarinyar nan mai jini a famfas. A wurinmu jini a kashin jariri abin a kai asibiti ne a duba, don atini da sauran cututtukan hanji da 'yar tsagewar dubura duk suna kawo shi. In da zazzaɓi, ko ta ƙi nono, ko maɗiga ta faɗa, ko ciki ya kumbura, ko amai kore, ko kuka mai zuwa yana tafiya da kashi ja mai yauƙi, wannan ba a kwana da shi, na ƙarshen ma yana iya zama hanji ne ya shige cikin hanji.

In an duba ba cuta kuma yarinya na girma, hanyar ganewa ba ta buƙatar na'ura. Uwa ta ci gaba da shayarwa, ita ce za ta bar madara da nonon shanu da kindirmo da yogot da cuku da madarar shayi na sati 2 zuwa 4, a ga ko jinin ya ɗauke, sannan ta koma sha a ga ko ya dawo. Wannan komawar ita ake yawan tsallakewa, sai mai jego ta yi watanni tana ƙaurace wa fura da nono a banza a lokacin da jikinta ya fi buƙata. Wasu likitocin ma in jinin kaɗan ne sukan ce a ɗan jira tukuna don sau da yawa yana wucewa da kansa. Tsayar da nono shi ne mafi munin zaɓi, tunda madarar gwangwani ta yau da kullum daga madarar shanun aka yi ta, wato an kai yaro ga abin da ake gudu.

Wanda dama madara yake sha kuma aka tabbatar yana da alaji, akwai wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana, in ta ƙi akwai ta amino asid, wato mafi ƙanƙantar ɓurɓushin furotin, duk suna da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, kuma nan ne haɗarin yake ga talaka don in kuɗi ya ƙare sai a koma tsinkakken koko yaro ya faɗa tamowa. Nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ne, furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya sosai har yawancin masu alajin suna ƙin su. Madarar waken suya ta jarirai ana iya gwadawa bayan wata 6 da shawarar likita, amma wasu masu alajin hanji ita ma suna ƙinta.

Daga wata 6 a fara da kaɗan, abu ɗaya sabo a lokaci guda kuma da rana yadda za a iya lura, ƙwai dafaffe sosai, gyaɗa a niƙe cikin kunu ba ƙwaya ba don tana shaƙe yaro, kuma mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba. In ya karɓa a ci gaba da ba shi a kai a kai. Yaro mai egzima mai tsanani ko wanda ya taɓa kumbura da wani abinci, likita ya fara ganinsa kafin a gwada. Mai FPIES kuma ba a sake gwada masa abincin a gida, sai a asibiti inda za a iya sa masa ruwa in aman ya taso. Mai ɗigon jini yawanci kafin ya shekara ya rabu da abin, mai FPIES na madara kuma galibi tsakanin shekara 1 zuwa 5, shi ya sa likitoci ke sa ranar sake gwaji tun ranar da suka ce a daina.